Idan na'urar ji ta yi shiru

Sau da yawa na'urar ba lalacewa ta yi ba. Dauɗar kunne ce ko ƙurar hunturu ta toshe siririn bututun robarta, ko gumi ya shige ta. A goge ta da busasshen ƙyalle kowane dare, a buɗe murfin batir ta sha iska, a cire ta kafin alwala.

Batirin kuma lamba gare shi: 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. A ɓare takardarsa, a jira minti guda kafin a saka.

In bututun ya ƙandare ko na'urar ta dinga fito, sau da yawa bututun ne ke buƙatar canji. Don canjin, a kai ta sashen kunne na Asibitin Malam Aminu Kano. Don Allah kada a kai wa mai gyaran waya.