Yadda salon wasan Guardiola ya riƙa yanke wa 'yan ƙwallo hukuncin zama ko tafiya

A watan Agustan 2016, Joe Hart shi ne golan Ingila na ɗaya. Ya ci Firimiya Lig sau biyu da Manchester City, ya kuma karɓi kyautar golan da ya fi hana ƙwallo shiga raga har sau huɗu. Amma kafin watan ya ƙare an tura shi aro Torino ta Italiya, kuma bai sake komawa ragar City ba.

Abin da ya raba shi da sabon kociya Pep Guardiola ƙafa ce. A tsarin Guardiola, daga gola ake fara kai hari. Idan 'yan gaban abokan hamayya suka taso, gola zai karɓi ƙwallo ya miƙa wa na kusa da shi cikin natsuwa, maimakon ya daka ta sama a yi ta kokawa. Da haka ƙungiyar kan samu rarar mutum ɗaya a baya. Hart ya iya tare ƙwallo, amma bai ƙware a raba ta ba.

Wannan ba shi ne karo na farko da Guardiola ya yi irin wannan yankan ba. Da aka ba shi Barcelona a 2008, ya sanar cewa Ronaldinho da Deco da Samuel Eto'o ba sa cikin shirinsa. Biyun farko suka tafi, Eto'o ya ƙara shekara ɗaya har ya ci Manchester United a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a 2009. Sai ya ɗauko Sergio Busquets da Pedro daga ƙaramar ƙungiyar Barcelona da ya horar, domin sun riga sun san inda yake so kowa ya tsaya. Busquets ne ya karɓe gurbin Yaya Toure, wanda aka sayar wa City a 2010.

A City ma bai samu yadda yake so nan take ba. Claudio Bravo da aka ɗauko daga Barcelona ya maye gurbin Hart ya yi ta tafka kurakurai, City ta ƙare a mataki na uku ba kofi ko ɗaya. Sai dai shugabannin ƙungiyar ba su ce a koma tsohon salo ba. Daraktan wasanni na wancan lokacin Txiki Begiristain, wanda ya yi aiki da Guardiola a Barcelona, ya zo City tun 2012, saboda haka mai sayen 'yan wasa da mai horar da su bakinsu ɗaya ne.

A bazarar 2017 aka sayo Ederson daga Benfica kan kusan fam miliyan 35. Masu tsaron gefe huɗu da suka haura shekara 30, wato Zabaleta da Sagna da Clichy da Kolarov, duk suka tafi. Aka kashe sama da fam miliyan 120 kan Kyle Walker da Benjamin Mendy da Danilo, saboda tsarin yana buƙatar masu gudun da za su hau su dawo, ko su kutsa tsakiya su taya riƙe ƙwallo. A wannan kakar City ta haɗa maki 100 da ƙwallo 106, ta ba United tazarar maki 19.

Guguwar ta taɓa ɗan Najeriya Kelechi Iheanacho. Shi ya ci ƙwallo ta biyu da City ta doke United 2-1 a Old Trafford a Satumban 2016, amma zuwan Gabriel Jesus ya tura shi benci. A 2017 ya koma Leicester kan kusan fam miliyan 25, inda ya ɗauki Kofin FA a 2021.

Ba kullum cinikin kan yi kyau ba. Barcelona ta ba da Eto'o da ƙarin yuro miliyan 46 don ta samu Zlatan Ibrahimovic a 2009. Bayan kaka ɗaya suka raba gari, bayan an mayar da Lionel Messi tsakiyar gaba, yayin da Eto'o ya ci kofi uku da Inter Milan. Kalvin Phillips da City ta saya daga Leeds a 2022 ma bai samu gurbi ba. Shi kuma Guardiola ya nuna yana iya sassautawa: a 2022 ya karɓi Erling Haaland, ɗan gaban da ba ya yawan taɓa ƙwallo, ya gyara tsarin dominsa. Haaland ya ci 36 a lig, City ta ɗauki kofi uku a 2023.

Maƙwabciyarta United ta bi wata hanyar. Tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013, Moyes da Van Gaal da Mourinho da Solskjaer da Ten Hag kowa ya zo da nasa salon, aka saya masa nasa mutanen. Da an kori kociya, sai wanda ya gaje shi ya tarar da 'yan wasa masu tsada da dogon kwantiragi da ba su dace da shi ba. Antony, da Ten Hag ya sa aka biya Ajax sama da fam miliyan 80 a kansa a 2022, aro aka tura shi Real Betis a Janairun 2025.

Shi kuwa Hart, bayan Torino ya bi ta West Ham da Burnley da Tottenham, sannan ya samu matsuguni a Celtic, inda ya ci lig ɗin Scotland sau uku kafin ya rataye safar hannunsa a 2024.