Maganin Kemo: Abin Da Ya Kamata Mai Ciwon Daji Ta Sani

Mai daka ta ɗan jingine taɓarya ta matso kusa da rediyo, domin maganarmu ta yau magana ce ta rai.

Yau za mu yi bayani ne a kan maganin ciwon daji, wato sankara, wanda a asibiti ake ce wa kemo. A cikin matan Nijeriya dajin nono shi ya fi yawa, sai na bakin mahaifa. Wadda aka ga alamarsa a jikinta akan tura ta Asibitin Tarayya na Gusau, daga nan kuma wata a wuce da ita Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Shika a Zariya, inda ake da sashen masu wannan ciwo. To da yawa daga cikinmu da sun ji likita ya ambaci kemo sai gaba ya faɗi, saboda an daɗe ana cewa wai daji ba ya son allura. 'Yar'uwa, ba allura ke kashe mai daji ba, jinkiri ne. Mace za ta shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a ɗaki, sai ciwo ya ci jiki sannan a kai ta, in ta cika a ce allura ce.

Shi wannan ciwo, wasu ƙwayoyin halitta ne na jiki suke ta hayayyafa ba tsayawa. Kemo kuwa magani ne mai ƙarfi da ke bin jini yana kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa. Galibi ta jijiya ake sa shi kamar ƙarin ruwa, wani kuma ƙwaya ce ake sha. Wasu ma daga tsirrai aka samo su, kamar wanda ake kira paclitaxel da aka fara samu daga ɓawon wani itace a Amurka, sai dai an tace shi, an san ma'auninsa. Shi ya sa ake auna tsawonki da nauyinki, a yi gwajin jini, wani lokaci har da hoton zuciya, kafin a yanke abin da za a ba ki.

Ba a yin sa sau ɗaya a gama. Yawanci duk bayan mako 3 ake komawa, sau 6 ko 8, gwargwadon yadda likita ya tsara. Kamar noman gero ne. In manomi ya yi noman fari ya ga gona ta yi fes, ya ce ba sai ya yi maimai ba, ai kun san abin da ciyawa za ta yi masa. To haka ne. Wata daga zuwa na biyu za ta ji ƙullutun ya motse, sai ta ce ta warke, ta daina zuwa. Alhali saiwar na nan, kuma in ya dawo ya fi wuyar magani. Hutun makonnin nan kuwa don jiki ya farfaɗo ne. In an gwada jininki aka ce bai hau ba, a ɗaga miki zuwa wani mako, kada ranki ya ɓaci, kare ki ake yi.

Yanzu ga abin da za ki iya gani a jikinki, don kada ya zo miki ba zato. Tushen gashi da fatar cikin baki da ɓargo su ma masu saurin hayayyafa ne, don haka maganin yana taɓa su. Da wasu magungunan gashi kan fara zuba mako 2 zuwa 3 bayan na farko. Ba sammu ba ne, ba kuma hannun kishiya ba ne. Ki rage shi tun da wuri, ki ɗaura kallabinki, bayan an gama magani zai tsiro. Akwai wani ja mai suna doxorubicin da ake yawan ba masu dajin nono, yana sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Launin maganin ne, ba jini ba ne. Akwai tashin zuciya da kasala. Ana ba da maganin amai, ki sha shi kan lokaci, kada ki jira sai amai ya zo. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kunu, koko, ƙwai dafaffe, wake, romo, ki kuma yawaita shan tafasasshen ruwa. In baki ya yi gyambo, ki riƙa kurkure shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki rage yaji. Sannan lokacin da ruwan ke shiga, in kin ji zafi ko kumburi a inda aka sa allurar, kada ki yi kara, ki kira nas nan take, don in ya zuba a wajen jijiya yana cin nama.

To ga babbar maganar, ku kasa kunne da kyau. Daga kwana 7 zuwa 14 bayan an sa miki magani, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna raguwa ƙwarai. A wannan tsakanin ɗan ƙaramin ciwo na iya kayar da mutum cikin dare ɗaya. Ki nemi ma'aunin zafin jiki ki ajiye a ɗaki. In ya kai 38, ko kina rawar ɗari, ko jini na fita ta hanci ko dasashi, ko amai da gudawa sun ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi wuya, to asibiti mafi kusa za a nufa a lokacin. Kada a ce zazzaɓin sauro ne a aiki yaro kemis, kada kuma ki sha farasitamol ki rufe zafin ki kwanta. Ki tafi da katinki, ki gaya musu ranar da aka sa miki kemo. Mu da ba mu fita sai da izini, ya kamata a gama wannan magana da maigida tun kafin a fara magani: in ba ya gari, wa zai kai ki, kuma da wane abin hawa? Iyayen gida, in kuna kusa kuna ji, ku ba da wannan izini tun yau.

A waɗannan kwanaki ki haƙura da gidan biki da na suna. Ki nisanci yaro mai ƙyanda ko ƙarambau, ki kwana cikin gidan sauro, ki riƙa wanke hannu da sabulu. Nonon da ba a dafa ba, da ɗanyen ganye, da abincin da ya kwana a buɗe, ki bar su tukuna. Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya, domin jini na iya ƙin tsayawa. Duk wani sassaƙe ko jiƙo da 'yan dubiya suka kawo, ki yi godiya ki ajiye sai kin tambayi likita. Addu'a kam a yi ta, ba ta hana magani.

Mai ciki, ko wadda ke zaton tana da shi, ta faɗa tun kafin a fara. Ba a son ɗaukar ciki ana cikin kemo, ba a kuma shayarwa. Al'ada na iya rikicewa ko ta ɗauke, amma wannan bai hana shigar ciki, saboda haka ku je da maigida a ba ku shawara. Ciwon daji ba a ɗaukarsa, kada a ware mata kwano ko a hana 'ya'yanta zama kusa da ita. Sai dai kwana 2 na farko maganin na fita ta fitsari da amai, mai jinya ta sa safar hannu in za ta wanke fo ko zane. In kuma azumi ya riske ki, ki tambayi likita da malam, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Maganar kuɗi kuwa gaskiya akwai nauyi, ga magani ga mota. Ku tambayi likita lissafin duka tun farko, dangi su san abin da za su haɗa, kada a yanke a tsakiya. A shekarar 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, kuma asibitin Shika na cikin waɗanda aka fara da su. Ku tambaya a ofishin jin daɗin marasa lafiya, matambayi ba ya ɓata.

Mu kuma maƙwabta da abokan zama, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki karɓar mata girki, ki riƙe mata yara ranar tafiya, ki tuna mata ranar komawa.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.