Jami'ar Katolika a Ma'aunin Ɗalibin Kara-Kara

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak a Zinder, wato jarrabawar da ke rufe karatun sakandare ta buɗe ƙofar jami'a, yakan fara duba Jami'ar André Salifou da ke cikin garin, ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko kuwa Jami'ar Musulunci ta Say. Jami'ar Katolika ba ta cika shiga lissafinsa ba, domin babu ita a ƙasar Damagaram, kuma jama'a da yawa sun ɗauka wurin horar da limaman coci ce kawai, alhali ana koyar da shari'a da tattalin arziki da aikin jarida da kimiyya a irin waɗannan jami'o'i kamar yadda ake yi a na gwamnati.

Abin da ya bambanta ta rubutacce ne. A ranar 15 ga Agusta 1990 Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da wani kundin ƙa'idoji mai suna Ex Corde Ecclesiae, wanda ya wajabta wa kowace jami'ar Katolika ta haɗa binciken ilimi da tarbiyya, ta tanadi sashe ko darasin ilimin tauhidi, ta kuma koya wa ɗalibin kowane fanni ladubban sana'arsa, ta yadda mai karatun lissafin kuɗi zai san hukuncin cin amana tun kafin a damƙa masa baitulmali. Dokar cocin ta hana kowace makaranta ɗaukar sunan Katolika sai da yardar hukumar cocin, saboda haka sunan alkawari ne da ake iya tuhumar jami'ar a kansa.

Mai neman irin wannan karatu daga Damagaram manyan hanyoyi biyu ke gabansa. Ta farko ita ce UCAO, Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, wadda taron bishop-bishop na yankin ya kafa a 2000, aka kuma rarraba rassanta a birane kamar Abijan, Bobo-Dioulasso, Bamako, Kwatano da Lome, inda ake karatu da Faransanci. Ta biyu ita ce Jami'ar Veritas da ke Bwari kusa da Abuja, mallakar bishop-bishop na Nijeriya, wadda ta sami lasisi a 2007. Ta fi kusa da Zinder, sai dai karatunta da Ingilishi ne.

Tambayar da ta fi damun iyaye Musulmi ita ce ko za a taɓa wa ɗansu addini, kuma tambaya ce da ta cancanci amsa ba tare da kewaye-kewaye ba, musamman a Zinder, garin da aka ƙona coci-coci a watan Janairun 2015, abin da ya bar tabo a zukatan Musulmi da Kirista. Kundin 1990 ya ce a mutunta 'yancin imanin kowa, ya kuma buƙaci wanda ba ɗan ɗariƙar ba ya girmama aƙidar makarantar, ba ya bi ta ba. Tun a 1965 ma babban taron Vatikan na biyu ya bayyana girmamawar cocin ga Musulmi a takardar Nostra Aetate. Amma rubutu daban, aiki daban, don haka wajibi ne uba ya tambaya tun kafin ya biya ko sisi: ina ɗansa zai yi salla, shin halartar addu'ar coci dole ce, kuma yaya jadawalin darussa yake ranar Juma'a da watan azumi.

Gwaji mafi tsanani kuwa yana Kara-Kara, unguwar Zinder da aka sani tun asali da zaman kutare, wadda Aïcha Macky ta nuna wa duniya a fim ɗinta Zinder na 2021. A nan matasa ke wuni suna fasa dutse da guduma ko sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, wasunsu ma ba su da takardar haihuwar da ake zama jarrabawa da ita. Kundin Paparoma ya ɗora wa jami'ar Katolika nauyin neman hanyar da ilimi zai kai ga talaka, amma jami'o'in nan masu zaman kansu ne, da kuɗin ɗalibai suke tafiya, ga kuɗin mota da na haya da na abinci a ƙasar da ba ta mutum ba. Yaron da ya tsallake duk waɗannan shingaye har ya riƙe bak a hannunsa bai kamata kuɗin rajista ya mayar da shi bakin dutse ba.

Saboda haka duk mai sha'awar nema ya fara tabbatar da cewa CAMES, hukumar da ke tantance digirorin ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ko NUC, hukumar jami'o'in Nijeriya, ta amince da fannin da zai karanta, sannan ya nemi bayanin tallafin karatu a rubuce. Su kuma shugabannin cocin a yankin bishop na Maradi, wanda Zinder ke ƙarƙashinsa, ya dace su nemo wa 'ya'yan Kara-Kara guraben karatu na kyauta, Musulminsu da Kiristansu.