Tabar Lantarki: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Tun Ba Ka Saya Ba

Maigida, wannan takarda dominka aka rubuta ta. In ka gama karantawa, ka tara iyalinka ka karanta musu, musamman samari. In idonka ba ya gani sosai, ka ba ɗan makaranta ya karanta a bayyane kowa ya ji.

Ni malamin asibiti ne a nan Kalmalo. Kwanan baya wani saurayi da ya komo daga ci-rani ya zo ɗakin shan magani, ya zaro wani abu daga aljihu mai kama da biro, yana ƙanshin mangwaro. Ya ce, "Malam, an ce wannan ba ta da lahani. Wace iri ce ta fi kyau ga mai farawa?" Na tambaye shi ko yana shan taba, ya ce bai taɓa ba. Amsar da na ba shi ita zan ba ka, domin yadda kaya ke yawo tsakanin Sakkwato da Illela da Ƙwanni, abin da ke aljihun mutum ɗaya bana, baɗi sai ka gan shi a teburin mai tireda.

Mece ce tabar lantarki?

Wani mai haɗa magunguna a ƙasar Sin, sunansa Hon Lik, shi ya ƙago irin wadda a ke sayarwa yanzu, cikin shekarar 2003. Shi kansa mashayin taba ne, mahaifinsa kuwa ciwon dajin huhu ya kashe shi.

Ka san fitilar ƙwai, tana da tanki da lagwani da kananzir. Ita ma wannan tana da tanki da lagwani da ruwanta, sai dai ba a kunna mata ashana. Akwai batir a ciki irin na wayar hannu. Shi ke gasa wata siririyar waya da aka naɗa a jikin lagwanin, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa.

Ruwan nan mai kauri ne, an zuba masa kayan ƙanshi da nikotin. Nikotin shi ne abin da ke cikin ganyen taba wanda ke kama mutum ya kasa bari. Shi ne a sigari, shi ne a lofe, shi ne a taba-gari da asara. Guba ne, har a dā manoman Turai da Amurka sun yi maganin ƙwari da shi. Tururin kuma ba irin na tukunyar tuwo ba ne. Yana ɗauke da nikotin, wani lokaci har da ɓurɓushin kuza da darma, su shige can cikin huhu.

Ta fi sigari sauƙi?

Ba zan ɓoye maka gaskiya ba. Hayaƙin sigari yana ɗauke da abubuwa fiye da iri 7,000, wajen 70 daga ciki suna kawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Tabar lantarki ba a ƙona ganye a cikinta, saboda haka gubarta ba ta kai ta sigari yawa ba. Shi ya sa likitocin Ingila su kan gaya wa babban mutum wanda ya kasa barin sigari cewa komawa gare ta ɗungum ya fi masa sauƙi.

Amma sauƙi ba lafiya ba ne. Faɗuwa daga kan jaki ta fi faɗuwa daga kan raƙumi sauƙi, mai hankali kuwa ba ya neman ko ɗaya. Ƙasar Indiya ta hana sayar da ita tun 2019. Cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya ƙasashe 34 da suka hana.

Waɗanda ba su da abin zaɓa

Na farko, wanda ba ya shan taba. In ya fara, ya sayi jaraba da kuɗinsa, ba kuwa abin da ta raba shi da shi.

Na biyu, yara da samari. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ƙosawa sai ya kai wajen shekara 25, nikotin kuwa yana taɓa ta, yana kuma saurin kama yaro. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba. Ka riƙe wannan ƙa'ida a gidanka game da ta lantarki ma.

Na uku, mace mai ciki, domin nikotin yana isa ga ɗan da ke cikinta. Mai ciwon zuciya, ko fuka, ko tarin fuka, lalle ya ga likita tukuna.

Iri huɗu da za ka gani

1. Ta yarwa. Tana zuwa cike da ruwa, in ya ƙare a jefar. Ita ce mai launi mai ɗaukar ido da ƙanshin alewa, ita yara suka fi so, sau da yawa kuma nikotin ɗinta yana da ƙarfi ƙwarai. Batirinta ya kan ƙare a bola inda yara da awaki ke tono. Ingila ta hana sayar da irinta tun ran 1 ga Yuni, 2025.

2. Mai kwanso. Ƙarama ce, ana yi mata caji. Ruwa da lagwani suna cikin wani ɗan kwanso, in ya ƙare a cire a sa sabo.

3. Mai kama da alƙalami. Tana da tankin da a ke cikawa daga kwalba. Wayar da lagwanin su kan ƙone bayan 'yan makonni, tilas a sake su.

4. Mai kama da akwati. Ita ce babba, mai maɓallin ƙara wuta, mai fid da tururi kamar hazo. Waɗansu ana cire batirinsu. In wuta ta yi yawa ko lagwani ya bushe, sai ta fid da guba mai ƙona maƙogwaro. Wannan ba ta mai farawa ba ce ko kaɗan.

In mashayi ya nace

In kai babba ne, ka daɗe kana shan sigari, ka gwada bari ka kasa, kuma ka nace sai ka gwada wannan, to, ga abin da za ka duba.

Ka tsaya ga ta biyu ko ta uku, wadda batirinta ke rufe a ciki. Ka saye ta cikin kwalinta ba a ɓare ba. Kada ka sayi kwance, kada kuma ka yi aro, gama baki da baki hanyar cuta ce.

Ka duba lambar da ke jikin kwali. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda nikotin ya wuce miligiram 20 cikin kowace mililita ba, watau inda ka ga an rubuta 20mg ko 2%. In ka ga 50mg ko 5%, ya ninka wancan sau biyu da rabi. Wadda ba ta da lamba ko sunan masu yi, bar ta a wurin.

Ka tambayi kanka inda za ka sami sabon kwanso ko lagwani in naka ya ƙare. In sai an je birni, ran da ya yanke za ka koma wa sigari, ka tashi da jaraba biyu da asarar kuɗin taki.

Kada ka zuba mata kome, ko turare, ko zuma, ko mai, ko haɗin wani. A Amurka, daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, mutum 2,807 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu. Yawancinsu ruwan wiwi na bayan fage suka zuƙa, wanda aka gauraya da wani abu mai maiƙo.

Ran da ka fara ta, ka bar sigari gaba ɗaya. Mai shan duka biyu bai tsira ba. Sa'an nan ka riƙa rage ƙarfin nikotin har ita ma ka rabu da ita. Kada ka zuƙa a ɗaki inda iyali su ke.

Batir da wuta

Irin wannan batir ba ya son zafi, zafin bazara kuwa a ƙasarmu ya kan wuce digiri 40. Kada ka bar ta a rana ko a kan babur. Kada ka sa ta caji ka yi barci, balle a kan katifa ko cikin ɗakin ciyawa. Kada ka sa batir tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko wani ƙarfe. In ya kumbura ko ya yi zafi ƙwarai, ka fitar da shi waje kan ƙasa, nesa da rumbu. Kada a jefa shi cikin murhu.

Uwargida, wannan naki ne

Ruwan nan yana ƙanshin alewa, yaro ba ya bambancewa. Kaɗan ya isa ya kayar da shi. Ki ɗauke shi kamar fiya-fiya, ki sa a kulle shi a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

In yaro ya sha, za ki ga amai, da dalalar miyau, da zufa, da jiri, wani lokaci har da jijjiga. Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko nono. Ki kawo shi wurinmu nan take tare da kwalbar, kada ki jira alamu su bayyana. In ya yi tsanani za mu tura ku Babban Asibitin Illela. In ruwan ya zuba a fata, a wanke da ruwa da sabulu. In ido ya shiga, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15.

Hanyar da ta fi

Mai son barin taba ya fara zuwa mu yi shawara. Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka da abokan hirarka. Ka fid da sigari da ashana daga aljihu. In sha'awa ta taso ka sha ruwa, ka tauna asuwaki, ka tashi ka kama wani aiki, ba ta daɗewa ta ke kwantawa. Kwanakin farko su ne masu wuya. Akwai kuma cingam da filastar nikotin waɗanda likita kan rubuta wa wanda abin ya yi wa nauyi. Wanda ya iya haƙura tun daga asuba har faɗuwar rana cikin watan azumi ya riga ya san zai iya.

In ɗanka ya shigo da wannan abu gida, kada ka fara da duka, sai ya ɓoye maka. Ka zaunar da shi ka karanta masa wannan takarda, sa'an nan ku zo tare. Rigakafi ya fi magani.

Malamin Asibiti,
Kalmalo.