Allo Mai Gurbi Tara

Akwai wani ciwo da ya ke kama jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na lakar gadon baya. Likitoci suna kiransa maltiful sikilerosis, a taƙaice MS. Kada mu rikita shi da sikila, ita ciwon jini ce. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya bayyana shi a 1868. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, kamar Kanada da arewacin Turai, ya kuma fi kama mata. A 2020 an ƙiyasta mutum miliyan 2 da dubu 800 su ke da shi a duniya. Ba a ɗaukarsa daga wani.

Jijiya tana da riga, kamar robar da a ke rufe wayar lantarki da ita. Ciwon nan rigar ya ke ci. In ta lalace, saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa ga yatsu da wuri. Sai ɓalla maɓalli ya zama aiki, fensir ya riƙa suɓucewa.

To, ta yaya likita zai san ko hannu yana ƙara lalacewa? Tambaya kaɗai ba ta isa ba. Mu ma in an ce mana, "Yaya jiki?" amsarmu "Da sauƙi." Ciwon kuwa sau da yawa a hankali ya ke tafiya, har mai shi ba ya lura.

Saboda haka a ke gwaji da agogo. Tun 1971 aka fito da dabarar a Amurka. Ɗan allo ne mai gurbi tara, uku-uku a jere, kamar na dara. A gefensa akwai ɗan faifai da 'yan sanduna tara, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Majiyyaci ya zauna, ya ɗauki sanda ɗaya da hannu ɗaya, ya sa a gurbi, ya ɗauki wani, har gurabun su cika. Sa'an nan ya zare su ɗaya-ɗaya ya mai da su faifai. Ba a kwasar biyu tare. Ana farawa da hannun da mutum ya saba aiki da shi, sau biyu, ɗayan ma sau biyu. Babban mutum lafiyayye ya kan gama cikin daƙiƙa 20 ko kusa da haka.

Amma amfanin abin yana wajen rubutawa. Likita ya rubuta daƙiƙoƙin da kwanan wata, ya ajiye. In bara mutum ya gama cikin 25, bana sai da ya kai 30, an sami ƙarin kashi 20 cikin 100, watau ɗaya bisa biyar. Ƙarin da ya kai haka likitoci ba su ɗauke shi wasa ba. Har yanzu ba a sami maganin da ya ke warkar da ciwon ba, amma akwai masu rage masa gudu. Sai likita ya sake duba majiyyacin, ya ga ko a sauya masa magani, ko a tura shi wurin masu koyar da motsa yatsu.