Ko Kun Sani? Ruwan Teku Ma Yana Nitsewa

Ku jefa ɗanyen ƙwai a kofin ruwan randa, zai nitse ya kwanta. Ku zuba gishiri cokali uku ko huɗu ku dama, sai ga ƙwan ya taso. Gishirin ne ya ƙara wa ruwan nauyi. Sanyi ma haka yake yi wa ruwan teku.

Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kimanin giram 35. A kusa da Girinlan da Antatika, idan saman teku ya daskare, ƙanƙarar takan bar yawancin gishirin a cikin ruwan da ke ƙarƙashinta. Ga sanyi ga gishiri, sai ruwan ya yi nauyi ya gangara can ƙasan teku, ya kama tafiyar hawainiya. Kafin ya sake ganin rana yakan kai shekara 1,000.

A mashigin Jibralta kuwa, mahaɗar Bahar Rum da Tekun Atlantika, ruwan hawa biyu ne. Zafin rana na shanye ruwan Bahar Rum har gishirinsa ya kai giram 38 a kowace lita, shi ya sa yake fita Atlantika ta ƙasa, na Atlantika kuma na kwararowa ta samansa.