Hoto da Isnadinsa

Duk baƙon da Allah ya kawo birnin Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, in dai ya dace da mai masauki na kirki, da wuya ya kwana bakwai ba a kai shi Titin Elm ba, inda tsohon kantin Woolworth yake, wanda aka mai da shi gidan tarihi tun ranar 1 ga Fabrairu 2010. Ni ma haka 'yan'uwa suka yi mini, domin garin yana da jama'ar Nijar masu yawa, Hausawa da Zabarmawa, kuma a can ne na tsaya gaban waɗansu hotuna biyu waɗanda suka zama sanadin aikin da nake yi yau.

Asalin labarin shi ne, ranar Litinin 1 ga Fabrairu 1960, wato shekarar da Nijar da Nijeriya suka sami mulkin kai, waɗansu samari huɗu baƙar fata, ɗaliban kwalejin A&T, suka shiga wannan kanti, suka sayi 'yan kayayyaki, sa'an nan suka zauna a kantar cin abinci wadda aka keɓe wa farar fata kaɗai, suka nemi kofi; da aka hana su, ba su yi faɗa ba, ba su kuma tashi ba har aka rufe kantin. Su ne David Richmond, da Franklin McCain, da Joseph McNeil, da Ezell Blair, wanda daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan. Mai ɗaukar hoto na jaridar Greensboro Record, Jack Moebes, ya same su suna fitowa, ya ɗauke su jere kafaɗa da kafaɗa a bakin titi, McCain yana sanye da kayan horon soja na makaranta, fuskokinsu a natse kamar na waɗanda suka sauke farali. Zaman ya ci gaba, ya bazu zuwa garuruwan kudancin ƙasar, har kantin ya sallama ranar 25 ga Yuli ta wannan shekara. Daga wancan hoto na fitowarsu ne aka zuba mutum-mutumin tagulla da aka kafa a harabar makarantarsu a 2002.

Amma hoto na biyu, wanda Moebes ya ɗauka washegari, shi ya fi tsaya mini a rai. Samari huɗu ne zaune a kan kujeru, sun waigo suna duban kyamara, a bayan kanta kuma ga wani ma'aikaci, shi ma baƙar fata, da farar hula, wanda aikinsa bai ba shi ikon miƙa musu ko kofi ɗaya ba. Mutane da yawa, har da masu ilimi, sukan ɗauka su ne huɗun farko, alhali kuwa biyu kaɗai ne daga cikinsu, McNeil da McCain. Sauran biyun Billy Smith ne da Clarence Henderson. Da ba don an rubuta sunaye an adana ba, da an danne wa mutum biyu haƙƙinsu har abada, ba da mugun nufi ba, sai don mantuwa irin ta ɗan Adam. Nan na tuna da abin da malamanmu na hadisi suka dage a kai, cewa matani ba ya tsayuwa sai da isnadi, wato a san wa ya ji daga wa. Na ga cewa hoto ma matani ne, isnadinsa kuwa shi ne suna da wuri da kwanan wata.

Abin da ya sa wannan ya sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi shi ne, hoton mahaifina, Allah ya jiƙansa, guda ɗaya tak na mallaka, baƙi da fari, wanda aka ɗauka a wani shagon hoto a Maradi tun ba a haife ni ba. Su biyar ne a ciki, cikin manyan riguna, shi yana tsakiya ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗar wani mutum mai tsagar fuska, ɗorawa irin ta aminci wadda ba a yi wa kowa. Na juya bayan hoton ban sami ko harafi ba. Mahaifiyata ce kaɗai za ta iya gaya mini ko wane ne wannan amini, ni kuwa na yi ta jinkiri, yau da gobe, har ajali ya riga ni.

Saboda haka na ɗora wa kaina aiki, ba don kuɗi ba, ba don suna ba: in ɗauki hoton dattawanmu na Greensboro, a filin Idi, da wajen raɗin suna, da zaman hira bayan sallar Juma'a, kowane da izininsa. Na san malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto, shi ya sa wanda ya ce a'a nakan sauke kyamara in yi masa godiya. Wanda ya yarda kuwa, sai in wanke hoton a takarda, domin na waya amana ce a hannun da ba shi da tabbas, in rubuta a bayansa sunansa da na mahaifinsa, da garin da aka haife shi, da shekarar da ya ƙetaro. Magabata a wannan sana'a, irin su Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da Philippe Koudjina na Yamai, talakawan unguwa suka ɗauka, kuma adana fim ɗin da suka yi ne ya sa duniya ta san su daga baya.

A sallar layyar da ta wuce na kai wa wani dattijo nasa hoton. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya juya bayan, ya ce, "Ɗana, ka yi kuskure, ba a Damagaram aka haife ni ba, a wani ƙauye ne kusa da Matamaye." Ya kira jikarsa, wadda Turanci ya fi Hausa zama a bakinta, ya ce ta kawo alƙalami, ya shifta mata sunan ƙauyen harafi bayan harafi, tana rubutawa a ƙarƙashin nawa.